Manja a Bakin Rijiya

A shekarun da aka kwaso gwamnati daga Legas aka juye ta a Abuja, Suleja ce ta sha nauyin. Abuja ta karɓi ofisoshi da fitilun titi, ta turo wa Suleja masinjoji da akawuna da direbobi, da 'ya'yansu da bokitansu. Duk mai ɗan fili a unguwar Kwamba ya wayi gari mai gidan haya. Alhaji Datti, wanda ya gaji gida mai ɗaki huɗu da bishiyar mangwaro da garken tumaki, ya sare mangwaron, ya sayar da tumakin, ya jera ɗaki ashirin da biyu suna kallon juna kamar masu shirin dambe. Abu ɗaya ne bai ƙara ba, rijiya. Wadda kakansa ya haƙa wa mutum tara, ita ce yanzu ke shayar da fiye da mutum tamanin.

A ɗaki na bakwai Malama Rifkatu take, ita da mijinta Gidiyon, akawu a wata ma'aikata a Abuja, wanda bas ke ɗaukewa tun rana ba ta fito ba, har ranar Asabar. Ita kuwa ilmin halittu take koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, sai dai ba ta cika dariya ba balle a ga wushiryar. A aji ba ta da na biyu. Takan sa kowace yarinya ta zo da gutsuren burodi, ta tauna ba haɗiya har ya yi mata zaƙi a baki, don ta ji da harshenta cewa narkewar abinci daga yawu take farawa. Sannan ta zana musu tafiyar lomar tuwo a allo, daga maƙoshi zuwa tumbi, daga tumbi zuwa hanji, tana cewa shingayen wannan hanya sun fi na Suleja zuwa Abuja, kuma a nan ba a wucewa da cin hanci. 'Yan matan na tsoronta, suna kuma cin jarrabawarta. A bayan idonta Matsarmama suke kiranta.

Fushi take yi da kusan komai, kuma yawanci da gaskiyarta. Tana fushi da famfon unguwa da ya shekara uku bai ɗiga ba. Tana fushi da ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu, inda babu komai sai ƙwarangwal na roba da ɓera ya cinye wa yatsu. Masu cire wa jarirai beli da aska, da masu ɗura wa yaro manja in ya sha kananzir, waɗannan kam ko gaisuwarsu da ƙyar take amsawa. In ta fara, sai matan gidan su haɗa ido su ce Malama ta buɗe aji. Amma fushin da ya fi cin ta ba wanda ya san da shi, domin ba ta da wanda za ta ɗora wa laifinsa.

Tana da wa, Markus, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinsu manomin citta ne a kudancin Kaduna, ya rasu tana aji huɗu na firamare. Markus, da ya girme ta da shekara shida, ya ajiye littafi ya bi wani tsohon mahaƙin rijiya, kuma da diga da shebur ya kai ta sakandare, ya kai ta kwalejin horon malamai. Ranar da ta kama aiki a Suleja, malamai na zaune suna shan shayi, kowa na baje asalinsa: wannan ubansa fasto ne, waccan wanta lauya ne a Jos. Da aka zo kanta, bakinta ya riga ta. Ta ce wanta injiniyan ruwa ne. Aka yi ta jinjina kai. Maganar ta bi ta coci, ta shiga zumuntar mata, ta zauna daram.

Bayan shekara biyu Markus ya biyo aiki Suleja, domin garin da ake gina ɗaki kullum ba ya rasa mai neman rijiya. Ya zo gaishe ta da yamma, laka har gwiwa, diga a kafaɗa. Asibi mai ƙosai ta ɗaki na uku, wadda ba a shiga gidan nan ba ta ji dalili ba, ta leƙo ta ce wane ne baƙon. Rifkatu ta ce ɗan garinsu ne. Ai ba ƙarya ta yi ba, abin da ta riƙa gaya wa kanta ke nan. Markus ya dube ta, ya dubi ƙafarsa, ya ce, "Sannu da gida, Malama." Daga ranar bai sake kiran sunanta a gaban mutane ba, daga baya ma ko su biyu ne. Gidiyon ya yi mata magana sau ɗaya, ta ce masa ya ji da bas ɗinsa.

Abin da ya fi ƙona mata rai, Markus bai taɓa ƙorafi ba. Da ya zage ta, da ta sami abin riƙewa. A'a, sai ya riƙa kawo mata doya in ya je aiki Gawu, ya ajiye a bakin ƙofa, ya tsuguna daga waje kamar ɗan aike, ya tambayi lafiyar maigida, ya tafi. Ita kuma ta riƙa jin haushinsa kamar shi ya yi mata laifin.

A bazarar 1995 rijiyar ta ja baya. Guga na dawowa da jan ruwa, rabinsa laka. Mata suka fara dambe a kan layi. Alhaji Datti ya ce a yashe ta, a ƙara mata zurfin gaba biyu, kuma Asibi ce ta tuna masa da ɗan garin Malama.

Ranar Asabar da hantsi Markus ya iso tare da abokin aikinsa Callistus, wanda ya zo da sabon abu: injin ban ruwa mai shan fetur, irin na masu lambu a fadamar Tafa. A da, yini guda ake yi ana kwashe ruwa da guga kafin mahaƙi ya sauka. Inji kuwa, in ji Callistus, awa ɗaya ta ishe shi. Sai dai rijiyar ta yi masa zurfi, daga sama ba ya iya zuƙo ruwan. Suka ɗaure shi a kan katako, suka tayar da shi, suka zura shi da igiya har tsakiyar rijiyar. Ya yi ta ruri a ciki, tiyo na aman jan ruwa a kwata.

Mahaƙa na da ƙa'idarsu, Markus kuma bai taɓa tsallake ta ba. Kafin mutum ya sauka, a kunna fitilar ƙwai a zura ta har ƙasa. In ta mutu, iskar ciki ta lalace, sai a samo reshen dogonyaro mai ganye a yi ta zurawa ana jawowa har iska ta sauya. In ta ci gaba da ci, a ɗaura igiya a ƙugu a sauka. Tsohon da ya koya masa ya ce fitila ba ta ƙarya, kuma shekara ashirin da wani abu ba ta yi masa ba. Sai dai tsohon ya mutu bai taɓa ganin inji a cikin rijiya ba.

Rifkatu na zaune a bakin ƙofarta a kan kujera 'yar tsugunno, takardun gwajin 'yan aji biyar a cinya, jan biro a hannu. Tambaya ta uku ce ke tayar mata da hankali: me ke sa numfashin mutum ya ƙaru in yana gudu? Yarinya bayan yarinya sun rubuta cewa oksijin ne ya ƙare masa. Ta yi ta zabga musu jan layi. Sau nawa za ta faɗa? Ta sa su toshe hanci a aji, sun riƙe numfashi har idanunsu sun kaɗa, ta gaya musu abin da ke tilasta su saki ba ƙarewar oksijin ba ne, dattin iska ne da ya taru, kabon dayoksaid, wanda jiki ke samarwa in ya ƙona abinci. In ya yi yawa, jini kan ɗan yi tsami. Can gindin ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, akwai wani wuri da ba shi da aiki sai ɗanɗana jini, ko mutum na barci. Da ya ji tsamin sai ya aika wa haƙarƙari da tantanin da ke ƙarƙashin huhu su ƙara sauri. Maigadi ne nagari, amma kusan ƙofa ɗaya yake tsaro.

Tana cikin jan layin ne warin fetur ya cika tsakar gida, hannunta ya tsaya. Ta san sauran karatun, wanda ba ya cikin tambaya ta uku. A hayaƙin inji akwai wata guba da ba ta da warin kanta, ba ta da launi, ba ta kashe fitila. Ta huhu take bi, ta maƙale wa jini a daidai gurbin da oksijin ke zama, ta ƙi sauka. Mutum na shaƙa yana fitarwa lafiya lau, dattin iska na fita yadda ya saba, maigadin ƙeya bai ga abin tashin hankali ba. Ba haki, ba shaƙewa. Ɗan ciwon kai ne, sai gwiwa ta saki.

Aka kashe injin, aka jawo shi. Markus ya kunna fitila ya zura. Mutanen gidan suka leƙa. Tana ci, har da 'yar rawa.

Daga inda take zaune, ba tare da ta ajiye takardun ba, Rifkatu ta ce wa Alhaji Datti hayaƙin nan bai fita ba, a bar rijiyar ta sha iska zuwa gobe. Alhaji ya nuna mata jerin bokitai da ya kai har zaure, ya ce ta gaya wa waɗannan. Ya ƙara da cewa nan ba makaranta ba ce, kowa da sana'arsa, ita ta san alli, su sun san rami. Aka yi dariya. Callistus, da ke son a ga aikin injinsa, ya ce da irin Hausarsa ai hayaƙi sama yake tafiya, ko ɗan yaye ya sani.

Markus bai yi dariya ba. Yana ɗaura igiya a ƙugu, ya ɗago ya dube ta.

"Malama, fitila na ci," in ji shi, ya tsaya kamar mai jiran wani abu.

Taku goma ne tsakaninsu. Ta san abin da ƙanwa za ta yi: ta tashi, ta riƙe igiyar, ta kira shi da sunan da take kiransa tun tana goye a bayansa. Amma cikin masu bokiti akwai matar sakataren cocinsu, wadda ta fi kowa son labarin injiniya, har ta taɓa roƙon a haɗa shi da ƙanwarta. Rifkatu ta ce a ranta ai ta faɗa, an ji, ba a ɗauka ba. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ta mayar da ido kan takarda. Markus ya sa ƙafa a matakin farko da aka sara a bangon rijiyar, ya sauka.

Ta duba takarda huɗu, ba ta san abin da ta ba su ba. Kunnenta na kan ƙarar diga, tim, tim, daga ƙarƙashin ƙasa, da ƙugin guga in Callistus ya jawo laka. Sai tazarar da ke tsakanin sara da sara ta fara tsawo. Sai ta daina ji.

Callistus ya kira sau biyu, ya jijjiga igiya. Ya leƙa ya ce fitilar na nan tana ci, amma mutumin ya zauna. Ya ɗaga ƙafa zai sauka, Rifkatu ta ture shi da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba, takardu suka watse cikin laka. Ta ce duk wanda ya shiga, gawa biyu za a fitar, a ja igiyar ƙugu. Maza biyar suka ja. Markus ya fito a naɗe kamar jiƙaƙƙen wanki, kai na reto, goshi ya gurje da bango. Leɓɓansa sun yi wani irin ja mai kyau, har wata ta ce ai da sauƙi, jini na gudu. Yana numfashi, amma da minshari, kuma ko da aka kira shi aka mammare shi bai motsa ba.

Nan gidan ya rikice, kowa ya zama likita. Wani ya ce mutanen rijiya ne suka taɓa shi. Wani ya fasa albasa yana tura masa a hanci da baki, wani ya ruga neman madarar gwangwani. Asibi ce ta riga kowa. Ta fito da kwalbar manja da babban cokali, ta durƙusa, ta ɗora kan Markus a cinyarta yana kallon sama, ta ce wa Callistus ya buɗe mata haƙoransa. Asibi ba muguwa ba ce. Ita ke zama da mai naƙuda, ita ke wankan jego, ita ke fara kai kunu gidan makoki. Amma a gidan nan ita ce mai ceto, kuma ta shekara shida tana haɗiyar takaicin yadda wata mai jan biro ke gyara mata magana a gaban yara. Yau ga rai a cinyarta, ga jama'a na kallo.

Rifkatu ta buge cokalin. Ya yi sama, manja ya fantsama a farar rigar Alhaji Datti.

"Kashe shi za ki yi."

"Ni? Ni da na ɗura wa yara nawa a gidan nan suka tashi?" in ji Asibi. "Manja ke kashe dafi, Malama, tun ba a haifi mai littafinku ba."

Rifkatu ta yi magana da sauri, rabi ga Asibi rabi ga duk gidan. Ta ce hanya biyu ce a wuyan mutum, ɗaya ta tafi ciki, ɗaya ta tafi huhu, kuma mashigarsu ɗaya. Akwai ɗan marfi da ke rufe ta huhu duk lokacin da mutum ya haɗiya, shi ya sa ake cin tuwo ba a mutu ba. Wanda ya suma ba ya haɗiya, marfinsa a sake yake, ko tarin da zai koro abin ba shi da shi. Duk abin da aka zuba masa huhu zai gangara, huhu kuwa ba tumbi ba ne, ba shi da abin narkar da mai. Ta ce ko da ma ya faɗa cikin, sai ya yi awoyi a tumbi, ya sauka ƙaramin hanji, ruwan matsarmama ya farfasa shi, kafin ɗigo ɗaya ya shiga jini. Gubar kuwa ba ta baki ta shiga ba, tana cikin jininsa tun ɗazu. Iska yake bukata, da asibiti, yanzu.

Jin an ambaci asibiti ne ya motsa Alhaji Datti, wanda tun da aka fito da mutumin yake tunanin 'yan sanda da tambayoyinsu, da irin sunan da gida kan samu in aka ce rijiyarsa ta ci mutum. Abin da ya ƙare a tsakar gida, a tsakar gida yake zama. Ya gyara murya ya ce a bi a hankali, a bar Asibi ta yi abin da aka saba, in bai farfaɗo ba sai a san abin yi. Ya ce kuma kai mutum asibiti ba wasa ba ne, sai an sa hannu, sai da dangi. A aika a nemo nasa tukuna.

Asibi ta riga ta ɗauko cokalin ta goge da gefen zane. "To, kin ji. Ke wace ce tasa da za ki hana a taimake shi? Ɗan gari ai ba ɗan uwa ba ne. In ya cika a hannunki, me za ki gaya wa uwarsa?"

"Uwarsa ta shekara tara da rasuwa. Ni na rufe mata ido." Rifkatu ta durƙusa cikin lakar, ta janye kan daga cinyar Asibi. "Wana ne. Ciki ɗaya, nono ɗaya. Duk abin da na sani, wannan hannun ne ya haƙo mini shi. Wadda ta sake kawo cokali kusa da bakinsa, sai na karya hannun da ya riƙe shi."

 Matar sakataren coci, bokiti a hannu, ta tambaya a hankali, to ina injiniyan?

"Shi ne injiniyan," in ji Rifkatu, ba ta ɗago ba.

Ta juya shi ya kwanta ta gefe, ta lanƙwasa masa gwiwa, ta sa yatsa da bakin zanenta ta kwashe albasa da yawu daga bakinsa, ta ɗaga haɓarsa har minsharin ya ragu. Ta kori mutane su ja baya su bar iska ta wuce, kuma karon farko tun da ta tare a gidan suka bi maganarta ba gardama. Ba don sun yarda da marfi da matsarmama ba, sai don ƙanwa ce ke magana. Wannan ma ta lura da shi, ta ajiye shi cikin abubuwan da za ta yi fushi da su daga baya. Ta bar wa Callistus kan ya riƙe, ta ruga bakin titi ba takalmi, ta tsaya a gaban wata a-kori-kura da ta sauke bulo, ta ƙi matsawa sai da direban ya juyo.

Ko minti biyar ba ta yi ba. Sai a bayan motar, kan Markus a cinyarta, suna tsalle a ramukan hanya, ta ga jan maiƙo a gefen bakinsa yana bin gemu. Ta dubi Callistus. Ya kawar da kai ya ce rabin cokali ne kawai, Mama Asibi ta ce ba zai yi komai ba, shi kuma ba ya iya musu da babba.

A asibiti aka sa masa oksijin. Ya buɗe ido da la'asar, ya yi amai, bai san inda yake ba. Aka kwana biyu ana murna. A na uku zazzaɓi ya rufe shi, tari ya kama shi, numfashi ya koma sama-sama. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya tambaya ko an ba shi wani abu ta baki lokacin da yake sume. Rifkatu ta ce manja. Likitan ya rubuta allurai. Kwana goma sha shida suka yi. A takardar asibiti, inda ake son a san matsayinta gare shi, ta rubuta ƙanwa, ta danna biro har ya huda takardar.

Markus ya tashi, amma ba duka ba. Ƙafar hagu ta riƙa ja, hannu na rawa in ya ɗaga kofi, kuma yakan fara magana ya manta inda ya nufa. Shi da rami sai dai kallo. Ta kawo shi ɗaki na bakwai, ta raba ɗakin da labule, Gidiyon ya matsar da akwatunansa. Ranar Alhamis ta tashi a gaban zumuntar mata ta faɗi sana'ar wanta da bakinta, ta zauna, ta bar su da kallon juna.

A tsakar gida kuwa labari ya riga ya daskare. Kowa ya san rabin cokalin Asibi ne ya riƙe ran mutumin har aka kai asibiti, kuma da Malama ta bari an ba shi cikakke, da ko ƙafar ba za ta taɓu ba. Alhaji Datti ya ce rijiyar ce ke da mutanenta, ya sa aka yi sadakar waina. Asibi ta riƙa aiko wa Markus ƙosai mai zafi kowace safiya, yana ci yana sa mata albarka. Rifkatu ta yi bayani sau ɗaya, sau biyu, har da zane a ƙasa da tsinke. Aka saurare ta cikin ladabi, yadda ake sauraron mai jinyar da gajiya ta taɓa wa kai.

Wata rana da azahar tana yanke masa farce, tun da hannunsa ba ya iyawa, abin ya ƙwace mata. Ta tambaye shi cikin faɗa me ya sa ya sauka bayan ya ji ta ce hayaƙin bai fita ba. Shi yaro ne? Bai san ta fi Callistus sanin abin da take faɗa ba? Ko kuwa karatun da ya kai ta na ado ne?

Markus ya daɗe yana laluben maganar, yadda ya koma yi.

"Na ji Malama ta yi wa Alhaji magana," ya ce. "Ni ba wanda ya yi mini."

Ta ci gaba da yankan farcen. Ta yanke ɗaya ya zarce, jini ya ɗan fito. Ya ce ba komai. Ta daka masa tsawa, ta ce ya daina ce mata ba komai.

Asabar ta gaba ta ji labarin Callistus ya sami sabon abokin aiki, za su yashe wata rijiya a Rafin Sanyi. Ta sa takalmi, ta ɗauki jaka da lema, ta tafi a ƙasa. Ta tarar an ɗaure injin a kan katako ana shirin tayarwa, wani magidanci mai furfura a gefen kai ya tuɓe riga yana gyara fitila. Ba ta gai da mai gidan ba, ba ta yi wa kowa bayanin jini ko ƙeya ba. Ta ratsa mutane, ta kama igiyar tayar da injin, ta zaro reza ta yanke ta daga gindi, ta jefa a jaka, ta zauna a bakin rijiyar ta buɗe lema.

Callistus ya yi ta ihu da harshe uku, ya ce zai kira 'yan sanda. Ta ce ya hanzarta, tana da labarin da za ta ba su, da kwanan wata da takardar likita. Sannan ta juya wurin magidancin ta tambayi sunansa. Ya ce Sylvester.

"Sylvester, da kai nake. Ba ka shiga ramin da inji ya yi numfashi a ciki. Mayar da rigarka."

Mutumin ya dubi Callistus, ya dubi ramin, ya sake duban matar da ba ta ko ƙifta ido. Ya ɗauki rigarsa ya rataya a kafaɗa, ya ce a kawo guga.

Da guga aka kwashe ruwan ranar, ya kai su har la'asar sakaliya, mai gidan na zaginta ƙasa-ƙasa. Ba ta tashi ba sai da ta ga an ɗora injin a baro an fitar da shi daga gidan.